Rahoton da ke Ƙarƙashin Tebur

Mutumin da ake kira Don Evaristo, mai karɓar takardu a majalisar dokokin jiha, bai taɓa ganin matar nan ba. Tana tsaye gaban teburinsa, gajeruwa, furfurarta a kitse gida biyu, takalmanta sun sha jar ƙasa. Ta rungume rahoton hukumar rijiyoyin karkara kamar mai riƙe da jinjiri. Yatsanta ya yi kanta inda biro ke zama. Wataƙila ita ce ke bin ƙauyuka tana zura igiya a rijiyoyi, duk bayan wata uku, shekara da shekaru.

Makon jiya majalisa ta soke irin waɗannan rahotanni, wai ba mai karantawa. Shi ya fi kowa sanin haka.

"Na ƙarshe ne, yallaɓai, shi ya sa na kawo da kaina," in ji ta. "Ina kuke ajiye 'yan'uwansa?"

Yana laluben hatimi, yana addu'ar kada ta dubi ƙasa. Ta duba. Ƙafar teburin da ta gutsure, tsohon rahotonta ne ke tokare da ita, ko zaren da aka ɗaure shi da shi ba a kwance ba.

Ta durƙusa a hankali, ta karanta bangon.

"Na shekarar fari ne. Kun iya zaɓe, ya fi kauri." Ta gyara wa rahoton zama, ta girgiza teburin, ta ji ya tsaya daram. "To, ko ba komai ya riƙe wani abu."

Har ta fita bai ɗaga kai ba. Can ya jawo sabon, ya soma kwance zaren.