Injin Lanƙwasa Fartanya

Gara in faɗa da bakina kafin jikokina su ƙara gishiri: wawan da ke cikin labarin nan ni ne.

Gidanmu a Bunguɗu gidan maƙera ne. Ni kaɗai aka tura boko, na yi shekara biyu na gudo. Wannan ɗan karatun ya ishe ni raina kowa, har da Baba.

Lokacin da aikin hanyar jirgi ya kusa Gusau, na je kallo, na ga wani inji na hannu da ma'aikata suka gama da shi. A sa fallen ƙarfe mai zafi, a murɗa wani dogon hannu, ƙarfe ya lanƙwashe kamar tabarma. Na sayar da bijimina na saye shi. Jakuna uku suka kawo shi gida gunduwa-gunduwa.

Baba ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Mi a wanga?"

Na ce, "Ci gaba ne, Baba."

Ya ce ya ba ni damina guda. In manoma sun karɓi aikina, maƙera tawa ce. In sun ƙi, in koma zuga wuta har ranar da ya ga dama.

Shi Baba ruwan fartanya huɗu yake ƙerawa a wuni, don rabin wunin hira ce. Manomi ya zo, sai ya sa shi ya duƙa kamar mai noma, ya dubi bayansa, ya tambaye shi ko gonarsa jigawa ce ko laka, sannan ya ɗauki masaba. Ni a ilimina wannan ɓata lokaci ne. Da injina ina fitar da talatin kafin la'asar, duk iri ɗaya, kamar tagwaye. Na kai kasuwar Tsafe, kafin azahar sun ƙare. Na dawo ina tafiya kamar alƙali.

Aka shiga noman fari. Kwana goma ba su cika ba fartanyoyina suka fara dawowa gida. Dogo ya ce tana shafar ƙasa ta wuce, gajere ya ce tana nutsewa ta kafe. Baba yana dai jera su a gindin bango inda zan gani.

Wanda ya mayar da ni bakin zugazugi shekara bakwai wani tsoho ne daga 'Yankuzo. Ya shigo dafe da ƙugu, ya ajiye fartanyarsa a gaban Baba. Na gyara murya, gaban jama'a, na ce, "Malam, inji ba ya kuskure. Awonsa guda ne. Kai ne ba ka duƙa daidai ba."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To ɗan boko, hura wuta. Sa ni ciki ka murɗa, ka lanƙwasa min bayana daidai da ita, in tai in ƙare nomana."