Sukarin Kukun Kwamanda da Maɗin Kaka

Yau likita ya ce in rage sukari, sai na tuno da Kaka a gidanmu na Birni, tana kallona ina jefa ƙwaya biyar cikin kunu.

Ta ce, "Angona, kunu za ka sha ko alewa? Ina budurwa Nasara suka zauna Damagaram. Kukun kwamandansu ya ba babanmu sukari, ya lasa, ya ce wannan zaƙi ne marar uwa. Mu maɗin ɗinya da takanda muka sani, kaɗan ya ishi mutum."

Dariya na yi mata ranar. Har ta rasu tana gwaguyar goriba da haƙoranta, ni kuwa uku aka cire mini.

Jama'a, da me tsofaffinku suke zaƙaƙa kunu?