Sanarwar Rasuwar Dillalin Doya

Ranar wata Laraba ce a lokacin fitowar sabuwar doya, bayan la'asar. Ina tsakar gidan da nake haya a unguwar Magajiya, maigidan yana kan kujerarsa yana jin rediyo, sai wani mutum ya yi sallama. Bai san sunana ba. Ya ce mai karanta sanarwa yake nema.

A lokacin aiki biyu nake yi a Abuja. Da safe ina karanta sanarwar aure da ta rasuwa a rediyo. Ranar Lahadi kuma ina fitowa a wani wasan barkwanci na talabijin da ake yi a ɗakin labarai na ƙarya, inda edita yake samo manyan labaransa a teburin mai shayi. A wasan Lahadin da ta gabata editan ya sa ni sanar da rasuwar shugaban dillalan doya na yankin Lambata. Ba mu sa suna ba, domin editan bai ma san sunan mamacin ba. Ina tsakiyar karantawa mamacin ya shigo yana neman a tallata masa doyarsa. Mun ɗauka babu mai irin wannan muƙami.

Akwai shi. Baƙon nan ƙanensa ne.

Ya ciro waya ya kunna. Wani ya yanke wasan, ya cire hoto, ya cire dariya, ya bar muryata kaɗai tun daga salati har zuwa addu'ar gafara. Na saurara, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Yadda nake yi da safe haka na yi.

"Yayana yana Ikko da motar kaya, lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Amma Inna ta ji. Tun Litinin ba ta ci komai ba."

Na ce a kira shi a ba ta mana.

"Malam, kana ganin ba mu yi ba? Ba ta gani, kunnenta ya yi nauyi. Ta ce wani muka sa ya kwaikwaye shi. Ka tashi mu je."

Maigidan ya rage muryar rediyonsa ya ce, "Alhaji, a bari sai gobe mana."

Baƙon bai dube shi ba. Na sa takalmi.

A mota muka wuce Lambata muka sauka daga kwalta. Sannan ya bayyana mini abin da na riga na sani ban kawo a rai ba. A wajenmu ba a faɗa wa tsohuwa mutuwar ɗanta kai tsaye. Ana cewa jiki ya yi tsanani, ana cewa da sauƙi, har dattawa su hallara. Ita kanta ta sha yi wa wasu haka. Don haka duk wanda ya rantse mata ɗanta yana raye, sai ta ƙara tabbata.

A ƙofar gidan akwai tabarmi. Mutanen gida sun naɗe, masu zuwa ta'aziyya daga nesa sun sa an sake shimfiɗawa, domin ba a barin baƙo a tsaye. Wasu samari suna jingine da babura. Ɗayansu ya ce, "Oga, kai ne ka kashe mana Alhaji?" Babu wanda ya yi dariya, har shi.

Inna tana zaune a ɗaki kan buzu, ga kwanon kunu a rufe a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Wane ne?"

"Inna, mai sanarwar ne," in ji ɗanta da ya kawo ni, bakinsa a kunnenta.

Na fara bayani. Na ce wasa ne, na talabijin, an yanke shi. Maganar tana fita a hargitse, ina haɗiye kalmomi.

Ta ɗaga hannu. "Ba shi ba ne. Wancan ba ya rawar baki. Ku daina wahalar da bayin Allah saboda ni."

A bayana na ji matan gida sun taru a bakin ƙofa. Ɗanta ya dube ni.

Na gyara zama, na miƙe baya, na ja numfashi daga ciki. Babu tsarin da aka koya mana na sanar da cewa mutum yana raye, sai na ari na ɗaurin aure. Na yi sallama ga masu sauraro. Na ce iyalan shugaban dillalan doya na yankin Lambata suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa yana nan da ransa, yana kan hanyar dawowa, kuma sanarwar da aka ji a baya kuskure ce daga mai karantawa. Na tsaya a wuraren da nake tsayawa.

Ta juyo da kunnenta wajena.

"Maimaita. Ai sau biyu kuke yi."

Na maimaita.

"To me ya kai ka?" in ji ta.

Na ce, "Aiki, Inna."

"Wannan ba aiki ba ne." Ta laluba gefenta. "Kunun nan ya huce, a ɗumama."

Ɗanta dillalin ya iso ranar Juma'a. A mako na gaba shugaban sashenmu na rediyo ya ce in zaɓi ɗaya, rediyo ko wasan, na zaɓi rediyo.