Takalman Ƙanena a Gindin Tsamiya

Ƙanena ya yi shekaru yana aiki a wani wurin shaƙatawa na bakin teku a Legas. Da ya tashi dawowa Talata Mafara bai zo da mata ba, bai zo da mota ba, sai wata ƙatuwar jaka. A ciki akwai lema mai faɗin rumfar kasuwa, da igiyoyi, da allon da ake tsayawa a kai. Ya ce wasa ne: iska ta ja lema, lema ta ja mutum, mutum ya yi ta gudu a kan ruwa. Innarmu ta dubi jakar, ta ce ita dai wanda iska ke ja, ta san gidan mai magani ake kai shi. Sannan ta juyo gare ni, ni babba, ta ce ransa amana ne a wuyana.

Ni malamin makaranta ne, ilimina na ruwa bai wuce alwala da wanka ba. Amma amana ba ta tambayar gwaninta. Duk Asabar sai in goya shi a babur, da shi da jakarsa, mu nufi tafkin Bakolori.

Masuntan tungar da muke sauka sun sha dariya ranar farko. Kafin wata guda sai ga su suna rububin riƙe masa lema, don ba ta tashi sai wani ya ɗaga ta, har samari biyu suka fara koyo. Sarkin ruwansu, wani dattijo siriri da ba ya ɓarnar magana, ya kafa masa sharaɗi biyu. Kada ya kusanci raga, kuma ya bi al'adar tungar. Duk mai shiga ruwa yana cire takalmansa ya ajiye a gindin wata tsamiya, kuma babu mai barin gaɓa ya tafi gida muddin akwai takalmin da mai shi bai ɗauka ba. Rajistarsu ke nan, ba takarda ba alƙalami.

Ina da wani hali da matata ke kira iyayi, ni kuma nake kira tattali. Ba na iya ganin abu mai kyau a yashe. Takalman ƙanena na fata ne masu tsada, kullum suna zaune cikin tsofaffin silifa kamar baƙo a gidan biki. Wata Asabar ta bazara, yana can tsakiyar ruwa, na ga bunsuru ya kama maɗaurin ɗaya yana tauna. Na kore shi, na karkaɗe takalman, na zuba su cikin jakar babur, ina yaba wa kaina hankali. Na yi la'asar, na gangara fadama wajen wani mai albasa, muka ɓarke da gardama kan takin zamani. Ban lura iska ta ɗauke ba.

Da na dawo, an janye jirage kan tudu, mutane sun watse. Na dubi gindin tsamiya, wayam. Wallahi sai na ce alhamdu lillahi, yaro ya fito lafiya. Na zauna ina jiransa, har ina jin haushin ya tafi yawo bai faɗa mini ba. Na kai minti goma a haka kafin in buɗe jakar babur don zuba albasa, sai ga takalmansa a ciki.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na dubi ruwa, ba lema ba alamarta, ga rana ta yi ƙasa. Fuskar Inna kawai nake gani. Na kwashi takalman da gudu, babbar riga tana harɗe ni, na iske sarkin ruwa ya zauna gaban akushin tuwo.

"Baba, yana ciki! Bai fito ba!"

Ya dubi abin da ke hannuna. "Malam, wa ya ɗauke su daga gindin iccen?"

"Ni ne, Baba. Bunsuru ne yake…"

"Bunsuru shi ci takalmi, ai sai a sayi wani. Mi kaka so a sayo ma in ruwa ya ci mai takalmin?"

Ya yi wata kuwwa, sai ga maza suna fitowa, wasu da loma a baki. Jirage huɗu suka shiga. Na tattare riga zan hau, ya tare ni da filafilin tuƙa jirgi. "Tsaya nan, Malam. Mutum guda munka zo nema, kada ka maishe su biyu." Ya karɓi takalman daga hannuna, ya je da kansa ya jera su a inda suke, sannan ya shiga jirgi.

Na tsaya a gaɓa ina karanto duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa sai da na yi. Bunsurun ya dawo, na zauna na rungume takalman a wurinsu, muna hararar juna.

Dab da magariba suka dawo da shi. Can wajen Maradun suka same shi, a kan reshen wata matacciyar bishiya da ta leƙo daga ruwa, ya naɗe lemar ya rungume allo, haƙoransa na kaɗawa. Ya sauko, ya nufi tsamiya, ya zura ƙafa cikin takalmansa. Na tambaye shi ko ya tsorata.

"Ko kaɗan, Yaya. Sau biyu na yi niyyar in gwada iyo zuwa gaɓa, kuma na san da ƙyar in kai. Sai in tuna takalmana na nan, babu mai tafiya gida. Sai in gyara zama."

Maza sama da goma ne a wurin, duk sun san abin da na yi. Wani ya yi tari, wani ya duƙa yana ɗaure jirgin da yake a ɗaure. Sarkin ruwa ya dube ni sau ɗaya, ya ce lokacin salla ya yi, malam shi ba mu salla. Na shiga gaba, na ɗaga hannu zan yi kabbara, murya ta ƙi fita.