Matar da Ta Ga Guba a Maganin Tari

Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin gwaji, gaban na'ura guda, har ma'aikata suka laƙaba mata Anti Fitila. Aikin na'urar ta rarrabe abin da ke cikin magani, kowane sinadari ya bi siririn bututu ya gifta ta gaban wata 'yar fitila, da ya gifta sai layi ya yi tsalle a allon kwamfuta. Anti ba ta da digiri, amma ko tsallen bai fi kan allura ba sai ta gan shi.

Wata Talata aka kawo maganin tarin yara daga wani kamfani. Da ta gwada, ta ga ɗan tudu a layin a inda bai kamata ba. Ta wanke bututu ta sake, har sau huɗu, yana nan daram. Ta buga takardun ta kai wa shugaban sashe, matashin doktan da ita ta koya masa riƙe sirinji.

"Ranka ya daɗe, akwai guba a ciki. Kaɗan ce, amma tana nan."

Ya ɗaga takarda sama ya kira ma'aikata. "Ku zo ku ga dutsen da Anti ta hango! Anya ba kashin ƙuda ba ne a tabaranki?"

Aka bushe da dariya. Da hannunsa ya rage ƙarfin ganin na'urar, layi ya kwanta shafal, ya sa hannu cewa maganin lafiya lau yake. Ita kuwa ya tura ta wankin kwalabe, ta kwashe takardunta ta adana a durowa.

Bayan wata biyu yaran da suka sha maganin suka fara cika asibiti, ƙodarsu ta daina aiki. Kwamitin bincike ya zo. Dokta ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Ita ke riƙe da na'urar. Na lura idonta ya tafi, shi ya sa na ɗauke ta daga wurin."

Ta buɗe durowarta neman takardun nan huɗu, ta tarar wayam. Ta dubi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zuba wa takalminsa ido. Ran nan aka sallame ta, maigadi ya zazzage jakarta a bakin ƙofa.

A gida ƙaninta ya ce, "Yaya, ki rufa mana asiri, kar ki ƙara tada maganar nan."

Kafin dare labari ya bazu a unguwa cewa ita ta ce maganin ba shi da aibu. Washegari da hantsi maƙwabciyarta, wadda jikanta ya rasu a cikin yaran, ta shigo ba sallama. Ta dangwarar da ragowar kwalbar maganin a gabanta.

"Ga shi. Tunda kin ce lafiyarsa lau, ki shanye."