An Wanke wa Ƙararrawa Shekarunta

Tashi daga Babban Mutum

Na bar gida a garinmu Babban Mutum bayan sallar asuba. Agogona ya ce biyar da rabi, amma agogon nan tun mulkin soja ra'ayinsa kawai yake faɗa. Ni Sule, da na yi aji uku a firamare kafin malamai su ga ilimin ya ishe ni, na ɗauki alƙalami ne don mutanen garinmu su san abin da ya kai ni Daura, su huta da ƙirƙira.

Ɗaya daga shanun huɗata ne cikinsa ya kumbura ya mutu, ga damina a bakin ƙofa. Garma kuwa ba ta san sa ɗaya ba. Wanda ya rage, Ɗan Fari, ya daina cin harawa, kullum yana kallon turken ɗan'uwansa. Abin sayarwa ɗaya ya rage mana: ƙararrawar tagulla ta kakana, madugun fatake, wadda ake rataya wa jakin gaba in za a Gwanja sayen goro. Tun tasowata baƙa ce, da kore-kore a jiki. An ce mini a Daura akwai mai sayen kayan da.

Matata Kande ta miƙo mini ita naɗe cikin tsumma, ta ce, "Malam, kada ka buɗe sai gaban mai saye." Na ga yatsunta sun yi jawur, ban tambaya ba.

Baure zuwa Zango

Ɗan acaba ya kai ni Baure, na shiga bas. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, mata a baya, mu a gaba, direba ya cire kaset ɗin kalangu ya sa na wa'azi, amma gudu bai tuba ba. Duk ramin da muka faɗa sai ƙararrawa ta amsa daga cikin tsumma. Wani ustazu a gefena ya ce, "Baba, ka san mala'iku ba sa rakiyar ayarin da ke da ƙararrawa?"

Na ce, "Ɗana, da wannan tuƙin, ai tun a tasha suka sauka."

Duk da haka na matse ta a cinya, don ban shirya jayayya da malamai a kan titi ba.

Kafin Zango 'yan kwastan suka tsayar da mu. Ɗaya ya nuna tsumman ya ce, "Tsoho, mene ne wannan?" Na ce, "Sa ne, ranka ya daɗe, bai gama zama ba tukuna." Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Daura

Mun iso da hantsi. Na sha fura a bakin tasha, sannan aka nuna mini shagon Alhaji Ɗanlami, dillalin kayan da, cike da tsofaffin takubba da tasoshi. Na ba shi tarihin kakana har da ƙari, sannan na kwance tsumma.

Jama'a, sai da na rufe ido. Ƙararrawa tana walƙiya kamar tasar jeren amarya. Kande ta wuni tana dirzar ta da tsamiya da toka, ciki da waje, domin a wurinmu ba a kai kaya kasuwa da dauɗa.

Alhaji ya yi salati. Ya ce, "Baba, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ce, "Tsafta ce, Alhaji. An ce cikon addini ce."

Bai yi dariya ba. Ya rataye ta a yatsa ya ƙwanƙwasa da zobe, muka saurara har amon ya mutu, kuma ya daɗe bai mutu ba. Ya nuna mini kunnenta inda igiya ta ci ƙarfe har ya sirance, ya ce zubin hannu ne, irin na kakin zuma. "Ni na yarda ta girmi ubanka, wataƙila ta girmi kakan ma. Amma masu saye daga Kano ba kunne suke kawowa ba, ido suke kawowa. Wannan koren da kuka kankare shi ne shaidar shekarunta. Wasu sabuwa suke binnewa a turken shanu don ta tsufa, kai ka zo da tsohuwa ka mai da ita budurwa."

Na ce, "Koren zai dawo?"

Ya ce, "Zai dawo. Jikanka ya kawo ta."

Abin da ya taya, kuɗin nauyin tagullar ne kawai. Ko ɗan akuya ba zai saya ba, balle sa. Na naɗe kayata, na yi azahar, na koma tasha.

Komawa

A hanya hadari ya haɗu ta gabas. Fasinjoji suna ta hamdala, ni ina kallon gonakin mutane da shanunsu bibbiyu. Ban matse ƙararrawar ba wannan karon, na bar ta tana ta amsa ramukan hanya.

Na iso gab da magariba, Kande tana bakin zaure. Ta ga tsumman a hannuna, ta ce, "Ba su saya ba? Ko ban goge ta sosai ba?"

Na dubi yatsun nan nata. Na ce, "Alhajin ya rantse bai taɓa ganin mai haskenta ba. Ni ne na ga ba su isa ba."

Ta ce, "Ai na faɗa a raina."

Na shiga turke na ɗaura wa Ɗan Fari ita a wuya, ko ya ji motsin wani kusa da shi. Ya girgiza kai ta amsa, ya tsaya yana sauraro, sannan ya sunkuya ya ja harawa kaɗan. Ni kuma na sauko da fartanyata daga rataya, na sa ƙotarta a ruwa ta kwana.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direban da bai kashe mu ba. Wanda ya karanta wannan kuma, in ya haɗu da Kande a rijiya, ya gaishe ta kawai ya wuce.