Likitan Fitsari

A masaƙar da muka yi aiki a Challawa, ni da yayana, ba wanda ya damu ya san sunansa. Likitan fitsari muke ce masa, a gabansa da bayan idonsa, kuma yana amsawa. Farkon shekarun tamanin ne, lokacin injina ba sa hutawa. Duk Talata yakan zo daga asibitin cikin gari a kan wata tsohuwar besfa, da kwali cike da ƙananan kwalabe ɗaure a baya. Siriri ne, gemunsa ko gama haɗuwa bai yi ba. An ce mana likitan ciwon daji ne, yana bincike a kan mafitsarar masu aikin rini.

Ni a ɓangaren saƙa nake, ba ruwansa da ni, ni ma ba ruwana da shi. Yaya ne ke wajen rini. Ko ranar Juma'a ya dirje hannunsa da sabulu, sai ka ga shuɗi a gindin farcensa.

Da farko mutane sun ƙi ba shi fitsari. Wa zai miƙa wa baƙo abin da ya fito daga jikinsa, a tafi da shi inda bai sani ba? Wani mutumin Damagaram, abokin aikin Yaya, ya zuba masa ruwan shayi a kwalba. Likita ya ɗaga ta, ya shinshina, ya ce, "Malam, gobe a sa madara." Aka yi ta dariya, daga ranar kwalabe suka fara cika.

Tambayarsa ɗaya ce: ko mutum yana ganin jini a fitsari. Wannan ma abin dariya ce a wurinmu. A ƙauyenmu duk yaron da ya yi wanka a kududdufi ya yi tsargiya, wanda bai yi fitsarin jini ba ma gani ake bai fara zama namiji ba. Yaya ya daɗe yana ganin jinin, ya ce tsargiyar yarinta ce ta dawo.

Likita ya ja shi asibiti aka duba. Bayan haka ya biyo mu har ɗakin da muke haya a Panshekara, ya cire takalmi ya zauna a tabarma.

"Malam, ba tsargiya ba ce," ya ce wa Yaya. "Tsiro ne a mafitsara, kuma daji ne. Amma ƙarami ne, bai bazu ba. In kun yarda a yanke shi yanzu, ina kyautata zato."

To, a nan gizo ke saƙar. Mu mun tashi mun tarar ana cewa daji ba ya son ƙarfe. In wuƙa ko allura ta taɓa shi, fushi yake ya bazu, sai dai a haƙa kabari. Kawunmu ya taso daga ƙauye da ƙullin sassaƙe, ya rantse ba mai yanka ɗan 'yar'uwarsa yana raye. Ni haushin kowa nake ji. Na kawu, da yake magana kamar shi ya halicci ciwon, da na wannan yaro mai besfa da ya shigo mana da mugun labari yana murmushi.

Likita bai yi gardama da kawu ba. Ya tambaye shi waɗanda ya sani da aka yi wa aiki suka mutu, a wane hali aka kai su asibiti.

"Sai da abin ya fashe yana wari," in ji kawu.

"To, Baba, ni so nake in riga shi. Sassaƙen kuwa a bar shi ya sha, ban hana ba."

Bai sake tayar da maganar ba. Duk Talata dai, in an fito cin abinci, sai ya zo gindin dalbejiyar bakin ƙofa ya zauna kusa da Yaya, su ci ɗanwake a kwano ɗaya, ya tambaye shi gona da 'yarsa da ke ƙauye. Ran nan Yaya ya ce mini, "Mutumin nan ba zai gaji ba. Ni na gaji." Aka yi aikin. Ya warke, aka mayar da shi gadin ƙofa, bai ƙara taɓa rini ba.

Ba a fi damina biyu ba muka ga likita yana ƙara ramewa, farin idonsa ya koma ɗorawa. Ya daina hawa besfa, wani ke kawo shi a mota. A lokacin ne ya gano irin tsiron Yaya a jikin mutumin Damagaram, har an sa ranar aiki. Sai wata Talata bai zo ba. Aka ce daji ne ya kama hantarsa, ko da aka gane ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu ya bar matarsa da jariri. Binciken nasa ban san inda ya ƙare ba.

Muka je ta'aziyya muka dawo. Kafin mako ya zagayo magana ta cika masaƙa: daji ya rama. Wanda ya saba taɓa shi da ƙarfe, ai dole wata rana ya juyo kansa. Mutumin Damagaram ya ce ya fasa, gida zai koma.

A gindin dalbejiyar nan ake wannan hira, kowa da kwanonsa. Yaya mutum ne mai kunya, tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa ba riga ba. Sai ya ajiye cokali ya miƙe, ya ɗage rigarsa, ya sassauta mazagin wando. Tabon ya fito, dogo, daga ƙasan cibiya ya gangara.

"Subhanallahi! Rufe, al'aura ce!" in ji wani dattijo.

Yaya bai rufe ba. Ya juya ya fuskanci mutumin Damagaram.

"Duba da kyau. Ƙarfe ne ya yi wannan, ga ni ina cin ɗanwake. Likita ya riga nawa dajin. Nasa ne ba wanda ya riga."

Na ji kunya ta rufe ni a madadinsa, na sunkuyar da kai. A nan na tarar hawaye na ɗiga cikin kwanona. Ko a gidan makoki ban yi wa likitan kuka ba, sai ranar.

Da Talata ta zo, Yaya ya roƙi wani ya riƙe masa ƙofa. Ya shiga ɓangaren rini ya kamo hannun mutumin Damagaram, suka fita bakin titi jiran motar cikin gari.